Guguwa a Bayan Wuya

Ku yi mini afuwa da na ɗauki biro. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. Amma Namadi tela maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, Sufyan kuma yayana ne. Abin da ban gani da idona ba a bakinsa na tsinta, kaɗan-kaɗan, don yanzu ba mai yawan magana ba ne.

Hussaina, ƙanwar Namadi, ta ajiye wayar yayanta a kan teburin shagon waya na Sufyan, cikin tarin wayoyin da ke caji, ta ja da baya ta gyara hijabinta.

"Yaya yac ce a tura mai na ƙarshe."

Sufyan bai ɗago ba. Yana tsakiyar tura wa wani ɗan kabu-kabu waƙoƙi ne.

"Na ƙarshen mi?"

"Kai ma ka sani."

Ya sani. Duk unguwarmu a Bagudo an sani. Samari sun rabu gida biyu a kan finafinan nan na jarumai masu tashi sama, waɗanda kamfanoni biyu na Turawa suke fitarwa suna gasa da juna. Masu fassara sun raɗa wa babban jarumin kowane gida suna. Ɗaya Guguwa, mai shuɗin mayafi, wanda iska take bin umarninsa. Ɗaya kuma Garwashi, mai wuta a tafin hannu. Kowane babur da ke tashar kabu-kabu da hoton ɗayansu a jikin tankinsa. A teburin mai shayi benci biyu ne, kuma ɗan Guguwa ba ya zama a bencin 'yan Garwashi, ko da kuwa zai sha shayinsa a tsaye.

Namadi ne baki a gidan Guguwa. Sufyan kuma, da yake shi ke tura wa mutane finafinai a waya, shi ne madugun 'yan Garwashi. Tun suna firamare suke wannan musu, kuma da can daɗinsa suke ji. Abin da ya ɓata shi ɗinkin sallah ne. Sufyan ya kai farar shadda, Namadi ya ɗinka masa kaftani ya zuba aiki a gaba kamar na ango. Sai dai a bayan wuya, inda mai riga ba ya gani, ya zauna da shuɗin zare ya murza 'yar guguwa, tana juyawa kamar za ta tashi. Da ita Sufyan ya tafi idi. A sahun da ke bayansa aka yi ta danne dariya har aka sallame. Da yamma, a gaban benci biyun nan, ya miƙe ya ɗaga murya.

"Wallahi tallahi, idona ba shi ƙara ganin fim ɗin Guguwa, kuma ba a ƙara tura shi a shagona!"

Daga ranar, gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu, ita ma a gajarce.

"Ba turawa kaɗai ba," in ji Hussaina, muryarta ƙasa-ƙasa. "Idanunai sun yi rauni, hasken waya hawaye yake sa shi. Kuma an ce wanda anka kawo daga Segbana, tsallaken iyaka, da Faransanci yake, ba a fassara ba tukuna. Yac ce kai za ka zo ka kalla, kana hwaɗa mai."

A Kandi, cikin Benin, Sufyan ya koyi gyaran waya, kuma a layinmu shi kaɗai ke jin Faransanci.

"Ya san na rantse."

"Ya sani. Yac ce shi ya sa."

Ɗan kabu-kabun ya tuntsire da dariya. Sufyan ya tura wayar gefe, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan sallar azahar ya tsaya har masallaci ya watse, sannan ya matsa kusa da liman, Malam Bunyaminu, ya durƙusa ya yi bayani yana kallon tabarma.

"Wagga rantsuwa a kan mi kac ce?"

"Fim, Malam."

Malam ya girgiza kai.

"To. In mutum ya rantse, sannan ya ga abin da ya hi rantsuwar alheri, sai ya yi alherin ya biya kaffara. Ka ciyar da miskinai goma. Tashi ka tahi."

"Sai na fara ciyarwar ko?"

"Ban ce ba. Miskinai suna iya jira. Namadi ne ban sani ba."

Amma Sufyan bai tafi ba. Ya ce wa kansa abu mai kyau shi ne ya fara sauke kaffara, ya bari ranar kasuwa ya auno shinkafa. Gaskiyar maganar kuwa tana bencin mai shayi. Labari ya riga shi isa can, Haliru ɗan kabu-kabu, wanda har hular kwanonsa ja ce saboda Garwashi, ya tare shi tun daga nesa.

"Madugu! An ce za ka yi hijira gidan iska?"

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Kai, bari in gaya maka. Namadi tun muna yara kowace damina sai ya mutu, da kaka ya tashi. Sikila ce, mun saba. Dabara ce yaka yi, so yake ya warke ya zauna nan ya ce ya durƙusar da kai. Ka shiga ɗakin nan, mun kaɗe har jikokinmu."

Sufyan ya riƙe wannan magana da hannu biyu, domin ita ce mai sauƙi. Ai gaskiya ne, Namadi ya sha kwanciya ya tashi. An dawo da shi daga asibiti, to, ba sauƙi ke sa a sallami mutum ba? Sai dai da safe, in yana alwala a gindin katanga, ba ya jin ƙarar keken ɗinki. Abin da yake ji shi ne wani nishi siriri, da muryar Inna Sabuwa, mahaifiyar Namadi, tana cewa, "Sannu, ɗan nan. Sannu." Sai ya gaggauta ya bar wurin.

Ranar kasuwa ta zo, aka wuni ana ruwa, bai je ba. Washegari da hantsi yana fitowa ya ci karo da Hussaina a ƙofar gidanmu, ɗauke da ƙullin yadudduka a ka, ƙafafunta duk laka. Ta sauke, ta zaro wata atamfa mai ruwan goro, ta miƙa masa.

"Ta Raliya ce." Ni ke nan. "Yac ce a mayar ma kowa da yadinai, a kai ma wani tela."

Sufyan ya tsaya da atamfar a hannu. Namadi ya yi jinyar da ta fi wata. Ya yi wadda aka ƙara masa jini. Masu ɗinki sun sha zuwa su yi masifa a zaure, yana kwance yana cewa su yi haƙuri, shi zai ɗinka. Bai taɓa mayar wa kowa da yadi ba.

Bai ko shiga gida ya ajiye atamfar ba. Da ita ya tafi shago, ya nemo fim ɗin wurin yaron da ya kawo shi daga iyaka, ya zuba a wayarsa. Haliru na tashar babura ya ƙwala masa kira, bai waiga ba.

Ɗakin Namadi yana warin man zafi da danshi. An rufe keken ɗinki da tsohon zane. Yana kwance a katifa a ƙasa, ya zama kamar sanda, idanunsa rufe, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Inna Sabuwa ta amsa sallama, ta ɗauki mafici ta fita.

"Wa ke nan?"

"Ni ne."

Bakin Namadi ya motsa.

"Ɗan toka. Ruwan jiya bai kashe ka ba?"

"Iska ma ai ta kwanta, ga ta nan a katifa."

Namadi ya fara dariya, ciwo ya tare ta a ƙirji, ya dafe haƙarƙari har ta wuce. Sufyan ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya juya fuskar wayar yadda haske ba zai kai ga idon mara lafiya ba. Ya yi bisimilla ya danna.

"Ka kalla?"

"Na kalla."

"Da idonka?"

"Da idona."

"Alhamdu lillahi. Kaffara ta hau ka."

Haka suka fara. Turawa na magana, Sufyan na juyawa. Da farko a daƙile yake yi, kamar mai karanta takardar magani. Yana kuma sa baki inda ba a tambaye shi ba.

"Ga shi nan ya tashi sama. Mayafin nan kamar zanen gado."

"Fassara anka ce ka yi, ba sharhi ba."

Amma labari ya ja shi. Mugun fim ɗin ya fasa wata babbar madatsa, ruwa ya taso zai cinye gari guda.

"Kamar ambaliyar da ta ci gonakin Kende?" Namadi ya tambaya.

"Ta hi ta. Ruwan ya hi bene tsawo."

Sufyan bai san lokacin da ya fara canza murya ba, ta mugu daban, ta jarumi daban, har yana kaɗa hannu. Guguwa ya tsaya shi kaɗai a gaban ruwan, ya tara duk iskar duniya ya tokare shi, mutane suna gudu suna hawa tudu. Jini na fita masa ta hanci. Da mutum na ƙarshe ya haye, sai iskar ta ƙare. Ya faɗo. Aka jawo shi bakin gaɓa, wata mata tana jijjiga shi. Bai motsa ba. Aka ja shuɗin mayafin aka rufe masa fuska.

Shekaru Sufyan yana jiran ranar da zai shiga majalisa da irin wannan labari. Yanzu ga shi a tafin hannunsa, sai ya daina fassarar. Babu abin da ke tashi a ɗakin sai wani kiɗa mai sanyi daga wayar.

"Ka yi shiru," in ji Namadi. "Ya tashi?"

"Ya tashi."

"Rantse."

Sufyan ya rage ƙarar wayar.

"Idona ne ya tahi, ba kunnena ba. Wanga kiɗa na mutuwa ne." Ya ɗan huta. "To. Kun ci."

"Ba mu ci komai ba. Ko mutum ɗaya ruwan bai ɗauka ba. Namu da shi ne, da ya ƙone rabin garin garin ceto."

"Ka maimaita wannan a bencinku."

"Ba ni maimaitawa."

Namadi ya yi murmushi. Can kuma murmushin ya janye, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin muryar Sufyan.

"Ya sha wuya? Lokacin da ya... ya daɗe yana shan wuya?"

Sufyan ya dubi hannun da ke kan bargo, yatsun da allura ta huda, sun kumbura a gaɓoɓi. Ya ɗora nasa a kai.

"A'a. Kamar mai barci. Kuma ba shi kaɗai ba ne, mutane na kewaye da shi."

"To, madalla."

An kira la'asar. Sufyan na shirin miƙewa, Namadi ya riƙe masa yatsa.

"Kaftanin nan, ka ƙone shi?"

"Shina ƙasan akwati."

"Ban taɓa aiki mai kyau irinai ba. Kai ne dai ba ka san daraja ba." Ya ja numfashi. "Ka yahe mini."

"Ni ma ka yahe mini."

"Sai na yi shawara," in ji Namadi, idanunsa a rufe.

Washegari, rana ta ɗan ɗaga, ina shara a tsakar gida, kuka ya tashi ta bayan katanga. Ba mai ƙarfi ba. Inna Sabuwa ta daɗe da sanin yana zuwa.

Kafin azahar an kai shi. An ce babura sun cika layi, masu jan hoto da masu shuɗi, an jingina su a jikin juna don wuri ya yi kaɗan. Shinkafar kaffara ni na dafa ta. Sufyan ya auno, ya zuba a kwanuka goma, ya bi gidajen da ya sani da kansa, bai aiki kowa ba.

Ranar addu'ar uku aka aike ni in kai kwanon fura cikin gidan makoki. Maza suna zaune a tabarmi a ƙofar gida, sun ba hanya baya, Malam Bunyaminu na jan addu'a. Na sunkuyar da kai na bi ta gefen bango. Ban yi niyyar duban kowa ba. Farar shadda ce ta ja idona, da karin ninki a jikinta, irin na kayan da suka daɗe a akwati. Sufyan ne, ya sunkuya, tafukansa a buɗe. Haliru na zaune daidai bayansa, jar hular kwanonsa a kan cinya, ya ƙura wa wuyan rigar ido. Bai yi dariya ba. A can, inda mai riga ba ya gani, 'yar shuɗiyar guguwar tana nan tana juyawa, ko zare ɗaya bai warware ba.

Na ajiye kwanon a bakin zaure. Kafin a shafa fatiha wani ya waigo, na zame ta lungu na koma gida.