Kujerar Alhaji Sallau

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni ba ko sallama. Da gudu na tsinci kaina a cikinsa, takalmi ɗaya a hannu, ina bin Alhaji Sallau da ake ja da igiya.

Alhaji Sallau shi ne manajan ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, Damisar Gangare, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni kuwa Ɗantani, ni ke kaɗa wa magoya baya ganga. Sati biyu garin nan ba shi da hira sai ta cewa Taurarin Kudu, masu koriyar riga, suna zawarcinsa. To a mafarkin an ɗaura masa igiya a ƙugu, ɗaya bakin ya ɓace can bayan duwatsun kudu, ana ja a hankali. Shi kuwa yana tsaye ƙyam, yana zamewa a kan kwalta, yana gaisawa da mutane.

Na ce, "Alhaji, ina zuwa haka?"

"Ban sani ba, Ɗantani. Ni ma a bakinku nake ji."

Ruwa ya tsuge. Daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama, mata suka kife bokitai a kan igiyar shanya suna tara. Na buɗe laima na taka ta, na wuce.

Sai ga ni a Ofishin Jita-jita. Wani bunsuru mai tabarau ne a kan tebur, da sikeli a gabansa. Abokina Kallamu mai gyaran rediyo shi ne a gaban layi.

Bunsurun ya ce, "Me ka kawo?"

"Ranka ya daɗe, an ga Alhaji ya sayi kankana. Bayanta kore shar!"

Bunsurun ya ɗora maganar a sikeli. "Kilo uku. Ya tafi." Ya buga hatimi, ya cinye takardar. Ta taga na hango igiyar ta ja Alhaji taku uku.

Wata tsohuwa ta ce ta ga motarsa a ajiye tana kallon kudu. Kilo biyar. Taku biyar.

Na cafko rigar Kallamu. "Kai, don Allah rufe bakin nan! Ashe mu ke jansa!"

"Kai dai ba ka bin labarai. Direbansa ne ya faɗa min da bakinsa."

"Shi wa ya faɗa masa?"

"Ni mana, shekaranjiya. Ka ga majiya biyu ke nan."

Na juya wurin bunsurun. "Ranka ya daɗe, me mutanen Kudu suka yi masa alkawari? Gida? Mota?"

Ya jawo aljihun tebur. Filin wasan Taurari ne a ciki gaba ɗayansa, har da 'yan kallo. A gefen fili, cikin inuwa, ga wata kujera mai katifa tana jira.

Ya ce, "Ita ce kawai."

Ai na san zancen. A wasansa na farko Alhaji yana zaune aka zura mana biyu. Ya miƙe don haushi, muka farke, muka ƙara ɗaya. Tun ranar muka ɗauke kujerarsa muka rataye a kan darbejiyar da ke bayan raga, ni da kaina na hau. Duk sanda ya ɗan lanƙwasa gwiwa sai in saki ganga, fili ya ɗauka: "Tsaye, Alhaji, tsaye!" Shi kuma ya yi dariya ya miƙe. Mun ɗauka daɗi yake ji.

Sai ga ni a filinmu. Igiya ta kawo Alhaji tsakiyar da'ira. Gwiwoyinsa biyu sun sauka daga jikinsa, suna zaune a bencin 'yan canji suna shan kunun zaƙi.

Ta dama ta ce, "Kada ku zarge shi, mu muka yi magana da mutanen Kudu."

Ta hagu ta ce, "Shekara sittin da uku muna ɗauke da bawan Allahn nan. Shi Gangare yake so. Mu zama muke so."

Na durƙusa gaban Alhaji. "Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Ya zan faɗa, kuna murna? Na dai yi ta jira wani ya ce, Alhaji, zauna ka huta."

"To in ka zauna aka ci mu fa?"

Ya dube ni da tausayi. "Ɗantani, ina tsaye aka ci mu biyar ranar Asabar."

Igiya ta sake ja.

Na ruga na kama darbejiya. Ina hawa tana nutsewa ƙasa, sai na koma sauka, nan take na iske kaina a ƙololuwa. Ga kujerar nan, har ta haifi 'yan ƙananan kujeru huɗu, suna lilo a reshe. Kallamu ya riƙe min ƙafa daga ƙasa yana ihu.

"Za ka kashe mana kakar bana! In ya zauna mun faɗo rukuni na biyu!"

"In bai zauna ba, da wa za mu faɗo?"

Na shure shi. Ƙullin da na yi da hannuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya ƙi kwancewa. Daga sama ina ganin Alhaji ya kai bakin ƙofar fili, yana ɗaga wa mai gadi hannu. Saura taku biyu. Na zaro makaɗin ganga na hau dukan ƙullin. Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

Ƙwan! Ƙwan!

Ƙofar gidana ake bugawa. Rana har ta fito. Matata Laraba ta leƙo ta ce, "Malam, tun ɗazu ake sallama da kai."

Wani baƙo ne dogo, da koriyar hula. A bayansa ga a-kori-kura, an ɗaure wani abu a cikinta an lulluɓe da leda, ƙafafunsa huɗu a waje.

"Don Allah, malam, gidan Alhaji Sallau nake nema."

Da gangan na nuna masa hanyar kwata, wadda sai ka zaga garin kaf kafin ka isa. Yana tayar da mota na faɗa ɗaki, na sunkuci kujerata mai katifa, wadda ko surukina ba na bari ya zauna a kai, na aza a ka.

Laraba ta ce, "Ina za ka da kujera, ko ido ba ka wanke ba?"

"In an tambaya, ki ce ba ki ga komai ba. Musamman Kallamu!"

Na yanke ta lungun masu rini da gudu, na nufi gidan Alhaji. Ina ɓullowa titi na hango motar ta yi kwana ta dawo, Kallamu zaune a gidan gaba, yana nuna wa baƙon hanya da hannu biyu.