Ashar Ɗin Katongo

Katongo bai bar wa matarsa ko kaset ɗaya na muryarsa ba. Ciwon ƙirjin nan mai kwashe masu haƙar tagulla a garin Mufulira ya tafi da shi tun kafin waya ta shigo gidan talaka. Abin da ya rage kawai wani tsohon fim ne da Turawa suka ɗauka a bakin rami yana saurayi, inda aka ba shi magana ɗaya tal: ya yi jifa da hular kwano, ya dubi Baturen da ke kan leburori, ya ɗura masa ashar. Har ya mutu yana taƙama da ashar ɗin nan, matarsa Bana Lombe kuwa, wato uwar Lombe, tana toshe kunne.

To ga shi tsufa ya zo, muryarsa ta fara ɓace mata. Hotonsa na nan a bango, amma in ta rufe ido ta nemi yadda yake kiranta, sai ta ji wayam. Abin yana cin ta a rai, ba ta gaya wa kowa ba.

Da aka sanar za a nuna fim ɗin a talabijin ran Lahadi da la'asar, ta tuƙa tuwon masara na nshima da wuri, ta soya ƙananan kifin kapenta, ta sa aka kira ɗanta Lombe, wanda ke aiki a gidan talabijin ɗin da ke birnin Kitwe. Ya zo, amma ko loma bai kai baki ba. Maƙwabciyarta Bana Musonda ta shigo da rigar ƙungiyar matan coci, tana dariya tun daga ƙofa.

"Ikon Allah! Ke da kika kwashe mu bara har Kitwe, muka sha rana muna waƙa sai an daina sa zagi a talabijin, yau ke ce kika soya kifi don jin ashar?"

"Ke dai zauna ki rufe mini baki. Wannan ba ashar ba ce, mijina ne."

Aka yi ta kallon Turawa suna shan shayi har gwiwar tsohuwa ta fara tsami. Can sai ga Katongo, siriri, wuya kamar na zakara. Bana Lombe ta matsa har numfashinta na taɓa gilashin. Ya yi jifa da hular, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya buɗe baki.

Tiiiit!

Leɓɓansa suka yi ta motsi a ƙarƙashin ƙarar, sannan hoto ya koma kan Baturen. Shi ke nan, an wuce wurin.

"Lombe, akwatin nan ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau, Mama." Kansa na ƙasa. "Ni na rufe. Tun zuwanku bara aka kafa doka, kowane tsohon fim sai an wanke shi, an rufe zagin da ke ciki. Na roƙi maigidana, na ce mahaifina ne. Ya ce ko mahaifin wa ne."

"To ka kawo mini wanda ba a wanke ba."

"An mayar wa masu shi ƙasar waje. Wankakken kaɗai aka bar mana."

Bana Musonda ta tashi sum-sum ta fita, ko sallama babu. Bana Lombe ta daɗe tana kallon ɗanta, wannan da ta sha goga wa barkono a baki yana yaro saboda kalma ɗaya marar kyau.

"Amma kai ka ji shi?"

"Na ji."

"Faɗa mini yadda ya faɗa. Da ƙarfi, kamar shi."

"Haba Mama, a gabanki?"

"Na ce ka faɗa!"

Lombe ya dubi ƙofa, ya furta ashar ɗin can ƙasa-ƙasa, cikin ladabi, kamar mai gaida surukinsa. Tsohuwa ta rufe ido, ta kasa kunne, ta jira. Ba shi ba ne, ko kusa.