Labbo da Wuyan Galma

Labbo na Turba mutum ne mai son ganin cikin abu. Ba rediyo ɗaya ya kashe ba don kawai ya ga inda muryar take fitowa, kuma matarsa Habi ta daɗe da daina ba shi ajiyar duk abin da ke da noti a jikinsa. Amma in aka zo batun dabba, nan kam ba a ja da shi. Duk wanda saniyarsa ta kumbura a gwiwa, wurin Labbo yake kai ta a yi mata lalas. Zai sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya taɓa fatar ya ɗauke tun dabbar ba ta gama jin zafi ba. Tun yana saurayi hannunsa ya saba da haka, kuma bai taɓa ƙona dabba har nama ba.

To, bana gero ya kai huɗa, sai galmar shanunsa ta karye a wuya, daidai inda bakin ya haɗu da ƙarfen da ake ja. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta taso. Galmar kowa tana gona, ba mai ba da aro a irin wannan lokaci. In danshin nan ya wuce bai yi huɗa ba, ciyawa ce za ta ci geronsa.

Akwai wani ɗan injin walda a ɗakinsa, bai fi akwatin rediyo ba, wanda surukinsa Talha mai fatauci a Burkusuma ya kawo masa daga tsallaken iyaka, da kwalin sandunan walda da baƙin gilashi na rufe fuska. Talha ya san halin tsohon, ya san ba turare ko hula ke faranta masa rai ba.

"Bafillace da walda?" in ji Habi, da ta ga ya fito da injin yana share masa ƙura. "Malam, ka kai ma masu abin su gyara."

"Za ni garin Isa," ya ce. "In sun gyara, to. In ba su gyara ba, na dai ga yadda ake yi."

Ya ɗaure galmar bayan mashin ya tafi.

Ya fara da Wakili, mai walda da wutar kabaid a bakin tasha. Labbo ya tsuguna yana kallon wani farin dutse da ake jefawa cikin tukunyar ruwa ya riƙa tafasa ba wuta, iskar da ya fitar ta bi tiyo ta fito da harshen wuta shuɗi. Wannan abu ya tafi da hankalinsa, har ya manta da abin da ya kawo shi. Ya yi ta tambaya, mi ya sa dutse ke tafasa, ina ake haƙo shi.

"Baffa, wagga wuta ta ƙarfe marar kauri ce," in ji Wakili, "tankin mashin, salansa, bokiti. Galmarka sai ta sha iskata duka ba ta yi ja ba. Kuma kada ka kai tukunyag ga gida. In ta yi fushi, har rufin ɗaki take ɗaukewa."

Daga nan sai maƙera. Amiru maƙeri ya juya galmar, ya ce shi ba ya liƙa ƙarfe, aurar da shi yake yi: a zuga wuta har ɓangarorin biyu su yi fari, a ɗora bisa uwar maƙera a yi ta duka har su zama ɗaya. Labbo ya ce ko zai iya yin haka a gida. Amiru ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ya samu zugazugi da gawayi da mai taya shi duka, kuma aka sake haihuwarsa a gidan ƙira, to ya gwada. Shi kansa gawayinsa ruwa ya jiƙa shi.

Na ƙarshe shi ne Hussaini mai waldar lantarki. Galmuna karyayyu sun yi tsibi a ƙofar shagonsa, ya ce sai wani mako. Amma da ya ji Labbo na da inji a gida, sai ya tsaya ya nuna masa.

"Ga wanda zai koya a gida, wannan ita ta fi sauƙi. Ka goge tsatsa, ka fiƙe bakin karayar ta yi kwari. Waya guda ka maƙala ga galma, guda ga sanda. Ka ƙyasta kamar ashana, in ta kama ka bi a hankali. Kada ka kuskura ka dubi hasken ba gilashi, in ba haka ba sai ka kwana kamar an zuba maka rairayi a ido."

Washegari da hantsi Labbo ya aro janareto wurin mai cajin waya, ya kori awaki, ya janye tabarmi da kara nesa. Sandar farko ta manne wa ƙarfen, ya yi ta fizga. Ta biyu ta kama, wuta ta yi tartsatsi, zuciyarsa ta yi fari tas. Ya bi karayar yana ɗiga narkakken ƙarfe, ɗigo bayan ɗigo, har ya rufe ta. Aikin ya fito kamar kashin kaji, amma a idon Labbo ba abin da ya kai shi kyau.

Ya ɗaura wa bijimansa karkiya ya shiga gona. Ko rabin kunya ba su yi ba ya ji ƙas, bakin galma ya tsaya a ƙasa, shanu suka wuce da sauran.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma son sani ya fi ciwon ƙarfi. Ya zauna a tsakar gida yana duba karayar. Ɗigon da ya yi duk a bisa suka zauna, cikin kwarin kuwa wuta ba ta ko leƙa ba. Ya goge ya sake, ya buga da guduma, ta ɓalle. Ya sake, ta ɓalle. Rana ta take, ƙasar gona tana ta shan iska.

Habi tana bayansa tana tankaɗe, ta juya wa hasken baya, sai inuwar hannunsa take gani a bango tana sauka tana tashi. Can ta ajiye rariya.

"Malam, lalas kake mata."

Ya ɗaga gilashin ya dube ta.

"Hannunka nake kallo tun ɗazu. Da ka taɓa sai ka ɗauke, kamar kana tsoron ta yi kuka. Wagga ba saniya ba ce."

Labbo ya sauke gilashin. Ya sake ƙyasta sandar yana lura da kansa, sai ga shi kuwa, da wuta ta kama, hannun ya ɗaga da kansa ba tare da ya sa shi ba. Ya kama wuyan hannun dama da na hagu ya danne. Duk jikinsa na ce masa ya isa, za ka ƙona ta, shi kuwa ya ƙi ɗagawa. Ta cikin baƙin gilashin ya ga ƙarfen galmar kansa ya narke ya zama ɗan tafki ja, bakin nan da bakin can suka gangaro suka haɗu. Ya ja tafkin a hankali har ƙarshen karayar. Da ta huce ya ƙwanƙwashe ɓawon, ya ɗaga guduma ya maka mata da ƙarfinsa. Galma ta yi ƙara, ba ta ɓalle ba.

Kafin danshi ya ƙare ya gama huɗa, gero ya tsaya bisa kunya, ciyawa ta koma ƙarƙashin ƙasa. Har maƙwabta suka fara kawo masa karyayyun kujeru da ƙafar amalanke, shi kuwa ba ya gajiya da kallon ɗan tafkin nan.

Ana nan sai baƙin bijiminsa, Ɓaleri, wanda ya ja galmar, ya wayi gari da kumburi a gwiwa. Labbo ya sa ƙarfen lalas a wuta, ya yi bisimilla, ya ɗora, amma hannun bai ɗauke da wuri ba. Ɓaleri ya yi wani irin kuka ya fizge, warin nama ya tashi. Labbo ya jefar da ƙarfen, ya rungume wuyan bijimin yana ba shi haƙuri da Fillanci, idonsa ya cika da ƙwalla. Ƙunar ba ta kai ta nakasa ba, amma ta wuce fata.

Habi ta kawo man shanu ta miƙa masa. Ya shafa wa bijimin, sannan ya zauna bakin turke ya buɗe tafin hannunsa na dama, ya daɗe yana juya shi yana kallo.