Zanen Inna Barira

Laifin Baba ne, kuma ko a gabansa zan maimaita. 'Yan kasuwar Kano masu sintiri zuwa Dubai sun fi a ƙirga, kowannensu zai iya cusa zane ɗaya a jakarsa. Amma shi Baba, Malam Maharazu, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya rantse saƙonsa ba zai bi ta hannun ɗan kasuwa ba.

"Ɗalhatu, mu da muke raba wasiƙa a kan keke har ranar Asabar?" in ji shi a waya. "Gidan waya bai taɓa ba ni kunya ba."

Zanen saƙi ne na mahaifiyata, marigayiya Inna Barira, kuma duk jaririn gidanmu a cikinsa ake naɗe shi ranar suna. Da matata Murjanatu ta shiga watan haihuwa, Baba ya aiko shi.

Na yi masa bayani har bakina ya bushe. A nan Dubai ba a kawo saƙo gida, sai akwatin gidan waya, ni kuwa da na kamfaninmu nake amfani. Hutun ƙarshen mako kuma Juma'a da Asabar ne. Ya ce in daina koya wa kifi iyo.

Murjanatu ta haifi namiji, suna ya faɗo ranar Juma'a, bayan la'asar. Alhamis da yamma na duba lambar saƙon, na ga ya iso. Na tashi da murna, sai na tuna makullin akwatin yana hannun Bashar, abokin aikina, wanda ya kwashi iyalinsa ya tafi garin Hatta, can cikin duwatsu, shan iska.

"Yalla, zo ka karɓa, habibi," in ji shi a waya, yana min Larabci. "Ni dai ba na dawowa sai Asabar."

Da sassafe na kama hanyar duwatsu, ina tuƙi ina tsaki. Na isa dam ɗin garin, ina Bashar? Ga shi can tsakiyar ruwa cikin ƙaramin kwale-kwale, yana ɗago min hannu kamar ziyara na zo. Mutumin da bai iya tuƙa jirgi ba, sai juyawa yake wuri ɗaya, ni kuma rana tana gasa min ƙeya. Da ya iso gaɓa ya miƙo min makullin, har tambayata ya yi ko zan tsaya cin nama.

A hanya na yi sallar Juma'a, na wuce kai tsaye wurin akwatuna. Na buɗe namu. Babu zane. Wata 'yar takarda ce kawai, wai ƙunshin ya fi ƙarfin akwati, a karɓa a kantar ma'aikata. Kantar kuwa a rufe ruf. Na leƙa ta gilashi ina hango ƙunshe-ƙunshe a jere, wallahi kamar in yi kuka don takaici.

Na koma gidanmu a unguwar Al Karama na tarar falo ya cika da baƙi, an naɗe yaron cikin farin tawul. Baba ya kira ta bidiyo, ya sha babbar riga, don sunansa za a sa wa yaron.

"Ina zanen?"

Tun daga Hatta nake tanadin abin da zan faɗa masa. Sai kawai na nuna masa takardar, na ce, "Baba, Juma'a ce. Sun rufe."

Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon ta. Na jira ya yi musu, bai yi ba.

"Ɗora wa yaron ita a ƙirji," ya ce. "A aikinmu, in takarda ta fito, saƙo ya iso."

Murjanatu ta karɓa ta soke ta a cikin tawul ɗin. Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, sai na ji Baba yana magana ƙasa-ƙasa, ba da kowa ba.

"Barira, ki yi haƙuri. Na kawo ki har bakin ƙofa, ba a buɗe ba."