Kwalbar maganin Kulu

Kulu 'yar Haliru ce, wani manomi a Ruma. Tun tana ƙarama bayanta ya fara karkacewa, kafaɗa ɗaya sama, ɗaya ƙasa. A shekarun da arzikin mai ya shigo, kawunta direban gwamnati ya kai ta asibiti a Kano, aka yi mata aiki a ƙashin baya. Farkon damina aka dawo da ita kwance a bayan akori-kura, an ɗaure ta da filasta daga ƙirji har ƙugu. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta kwarma ihu.

Likita ya ba uwarta Mairo ƙwayoyi a kwalba, ya ce a ba ta safe da yamma, kada a jira sai ciwon ya taso. In ta sha takan yi barci, ta farka har ta nemi fura.

Ana haka sai san huɗar Haliru ya gurɗe a ƙafa, ga gero ya isa huɗa. Da hantsi Haliru ya shiga ɗakin Mairo, ya ɗauki kwalbar.

"Malam, na yarinya ne," in ji Mairo.

"Yarinya ai kwance take. Shi kuwa san nan in bai tashi ba, me za ku ci?"

"Don Allah ka bar mata ko kaɗan."

Haliru ya fita da kwalbar. Ya daka ƙwayoyin duka, ya jiƙa a ƙwarya, ya ɗura wa san.

Kafin la'asar ciwon ya dawo. Kulu ta cije zani, gumi ya jiƙa tabarma, tana kiran "Inna, bayana! Inna!" Mairo ta dafa ruwan gashi, amma filasta ta rufe wurin, ba inda za ta sa tsumma. Sai ta zauna tana yi mata fifita. Da kukan ya kai maƙwabta, Haliru ya ce ana tona masa asiri, ya sa aka kinkimi Kulu zuwa tsohon ɗakin da ke bayan rumbu.

San bai tashi ba. Ƙafar ta kumbura, dole aka kira mahauci. Bayan an gama fiɗa, Haliru ya tsaya a ƙofar ɗakin, hannunsa duk jini. Kulu ta juyo da ido, muryarta ta riga ta dishe.

Ya ce, "Da ba ki shanye rabin maganin ba, da ya ishe shi."