Jan Tamfol ɗin Dattijo

Sunansa Dattijo, amma dattakon iya sunan ya tsaya. Dillalin tumatur ne a wajenmu na Kura, a kasuwar bakin titin Zariya, kuma a shekarun da wayar salula ta fara shigowa ƙauyukanmu ya gano wata dabara: ya rufa wa rumfarsa jan tamfol. Rana ta bugi tamfol ɗin nan, hasken da ke saukowa sai ya rine komai. Tumatur ɗin da bai gama nuna ba, mai ruwan ɗorawa da kore a gindi, sai ka gan shi ja wur. Direbobin kudu su loda suna murna, sai sun sauke a can su yi ta zagin mutanen Kura gaba ɗaya. Abin ya daɗe yana ba ni haushi, don ni ma zagin yana hawa kaina.

Ana nan sai ya kamu da son Zuliha, wata bazawara a Bunkure, so na gaske, har ya rame. Ubanta, Malam Ibrahimu, tun da aka sako ruwan madatsar Tiga yake noman rani, kuma mutum ne mai auna mai neman aure da abin da ya riƙo a hannu. Aka sa wa Dattijo ranar zuwa gaisuwa. Ya rantse zai kai kwandon da ba a taɓa ganin irinsa ba.

Tun hantsi ya zauna yana zaɓe, ɗaya bayan ɗaya, yana gogewa da hannun riga. A ina ya zauna? Cikin rumfarsa. Idon da ya shekara yana wuni a jan haske ya riga ya yarda haka duniya take. Wannan karon da zuciya ɗaya ya yi aikin, babu niyyar cutar kowa. Ya rufe kwandon da takardar siminti, ya ɗaure a bayan babur, ya bi gefen kanal ɗin ban-ruwa yana waƙa.

Malam Ibrahimu na zaune a ƙofar gida da 'yan uwansa, rana tsaka. Bayan doguwar gaisuwa Dattijo ya yaye takardar da kansa, yana murmushi. Rabin kwandon ruwan ɗorawa, sauran kamar gauta. Ya murza ido, ya sake dubawa, ya ɗaga guda ya kai inuwar bango ko za ta taimaka. Ba ta taimaka ba.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya juya guda ɗaya a hannu, ya yi godiya, ya ce a shiga da shi ciki, ai a hankali zai nuna. 'Yan uwansa kuwa duk tari ya kama su lokaci guda.

Dattijo ya roƙa a kira masa Zuliha ya yi mata bayani. Ta fito zaure, amma ta ce ya ɗan koma waje, inda rana take. Ya koma ya tsaya yana ƙifta ido, gumi na bin wuyansa. Ta dube shi tun daga hula har silifas, ba ta yi gaggawa ba.

"Malam Dattijo, ka yi haƙuri," in ji ta. "Ni ma a cikin rumfar nan taka na fara ganinka."

Ta ja mayafinta ta koma cikin gida.