Batirin da Bawa Ya Kasa Ɗauka

Duk wanda ya san dam ɗin Jibiya ya san Bawa masunci, ko da bai taɓa cin kifinsa ba. Tun ruwan yana sabo, ana hango kawunan itatuwa a tsakiyarsa, Bawa ya jingine fartanya ya kama filafili, bai sake waiwayar gona ba. A lokacin karfasa har rigima take a kan wacce za ta fara shiga koma, in ji shi, kuma tunda waɗanda za su ƙaryata shi duk sun riga mu gidan gaskiya, sai mu bar masa. Bara ne kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji. Bai faɗi ba, ba a kuma yi masa jifa ba, ko da yake akwai masu cewa haka. Tsufa ne kawai ya shigo ba sallama.

Masuntan wurin suna da wata ƙa'ida da ba wanda ya rubuta: ranar da mutum ya kasa kai kayan aikinsa bakin ruwa da hannunsa, ruwa ya sallame shi. Ba mai korarsa. Za dai a fara ce masa sannu da hutawa, a riƙa aika masa karfasa biyu gida kullum, shi ke nan an gama da shi cikin mutunci. Bawa ya ga an yi wa mutum huɗu haka, da hannunsa ma a ciki, kuma a duniya babu abin da yake tsoro kamar waɗannan kifaye biyu.

'Yarsa Hajjo, da ke aure a Maraɗi, ta san halin ubanta. Ba ta ce ya zauna gida ba, don ta san ɓata baki ne. Sai ta aiko masa da wani ɗan injin lantarki mai farfela, wanda ake ɗaurawa a bayan kwalekwale ya tura shi a hankali ba ƙara. Wanda ya kawo saƙon shi ne Ɗanmaraya, tsohon direban tirela, mutumin Maraɗi da ya yi shekara arba'in yana tsallaka iyaka har ya manta wane ɓangaren ne nasa. Abokin Bawa ne tun zamanin da suke loda busasshen kifi a saman buhunan gero, ma'aikatan iyaka na kiransu da suna suna tambayar mutan gida. Yanzu ido ya hana shi tuƙi, bakinsa dai yana nan da lafiyarsa.

"Inji ya samu, saura batir," in ji Ɗanmaraya. "Wanga kuma hwannina ne. Batirin da ke tada mota da mutum tara da kayansu, mi a kwalekwale gare shi?"

Ya kawo batirin ƙaramar mota, mai kyau, sabo fil. Abin da ya fi yi wa Bawa daɗi shi ne yana iya ɗaukarsa da hannun hagu, ya sauka gangaren duwatsun da babur ba ya iya bi, ya ajiye shi cikin jirgi ba tare da kowa ya taɓa ba. Ranar farko ya zaga ruwan yana zaune kamar ango. Rana ta biyar batirin ya fara nishi tun hantsi. Ranar Talata ta biyu kuwa, yana can tsakiya inda ba a jin kiran mutum, farfela ta yi juyi biyu ta tsaya cak. Ya ɗauki filafili, kafaɗa ta ƙi. Iska ta yi ta yawo da shi har azahar, kafin wani masunci ya ɗaura masa igiya ya jawo shi gaɓa a gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi masa sauƙi.

Washegari suka tafi kasuwa wurin Zunnuraini mai kayan sola, Ɗanmaraya na tafe yana zagin masu yin batirin zamani. Zunnuraini ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Baba, batirin ba shi da laihi, aikin da ba nashi ba anka ba shi. Na mota ƙarhi ɗaya yake badawa, shi tada inji, sai mota ta maida mai abin da ya kashe. In kana tsotse shi kullum har ƙasa, sati biyu ya mutu. Kai wanda kake so shi ne irin na sola, mai kaurin dalma a ciki. Ba shi da gaggawa, amma zai ja ka tun sahe har la'asar. In ka dawo ka haɗa shi da hwaihwan sola rana ta cika shi, kada ka bari shi ƙare ƙaf."

"Wato jaki da doki," in ji Ɗanmaraya, kamar shi ya gano.

Zunnuraini ya jawo batirin daga ƙarƙashin tebur, baƙi, mai mariƙin igiya a kowane gefe. Bawa ya sunkuya ya kama da hannun hagu. Ko motsi bai yi ba. Ya haɗa da na dama, ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, zafi ya soke shi har cikin wuya, ya sake. Abin ya fi rabin buhun siminti nauyi.

"Babu ƙarami?"

"Akwai, Baba, amma ƙarami a tsakiyar ruwa zai sake barinka. Nauyin nan shi ne aikin."

Bawa ya saya, don kunyar mayar da magana. Ɗan acaɓa ya kai shi gida, batir ya kwana uku a zaure, Bawa na wucewa ta gefensa kamar ba su san juna ba. Lissafin a bayyane yake. Mara nauyi zai kai shi ruwa da mutuncinsa ya bar shi a can. Mai nauyi zai dawo da shi gida, amma sai wani ya kai masa shi bakin ruwa, daga nan kuma sai sannu da hutawa. Ya yi baƙin ciki sosai, har Hajjo ta kira shi a waya ya ce mata mura ce.

A rana ta huɗu da hantsi Ɗanmaraya ya iso da babura biyu, bai nemi shawarar kowa ba. Aka ɗauko shi da Bawa da batirin, aka sauke su a saman gangare, 'yan acaɓa suka yi tayin sauko da batirin, ya kore su.

"Kama can in kama nan," ya ce.

"Ka san al'adarmu."

"Na sani. Mu kuwa a tamu sana'ar, ko ƙaton da ya hi kowa bai taɓa ɗora tayar tirela shi kaɗai ba, kuma ba wanda ya ce ya bar tuƙi. Kama, Bawa, rana na yi."

Haka suka sauko, tsofaffi biyu da batir a tsakaninsu, ɗaya ba kafaɗa, ɗaya ba ido. Bawa na faɗin inda dutse yake, Ɗanmaraya na cewa ya gani alhali bai gani ba. Sau uku suna ajiyewa su huta. Masunta suka daina gyaran koma suka zuba musu ido, sannan suka juya ga Sarkin ruwa Ahmad, wanda ke zaune a kan kifaffen jirgi. Shi ma ba yaro ba ne, kuma kwanan nan gwiwarsa ta fara yi masa magana. Ya dube su har suka dire batirin cikin kwalekwale.

"Ni dai na ga hannunai a kan kayanai," ya ce, ya ci gaba da ɗinkin komarsa. "Bawa, ka kula da iskar gabas."

Bawa ya shiga jirgin. Ya ɗaura wayoyi, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, farfela ta kama juyi.

"Sai yaushe?" in ji Ɗanmaraya.

"La'asar. Ka tahi gida, in na dawo na aika."

"Ka aika wa? Ina nan."

Jirgin ya yi nisa kafin Bawa ya waiwaya. Ɗanmaraya ya sami gindin wata bagaruwa ya zauna, ya cire takalma, ya fuskanci ruwan da ba ya iya ganin komai a cikinsa sai haske. Rabon da wani ya zauna a gaɓa yana jiran dawowar Bawa tun rasuwar matarsa Lantana, shekara tara ke nan. Bawa ya share fuska da bakin riga, ya rage gudun inji don batirin ya kai shi la'asar.